Ɗakunan da Ban Ƙirga Ba

Kwanakin baya wasu ɗalibai uku suka zo gidana a Birnin Kudu, wai an ce musu na yi shekara talatin da ɗoriya ina ƙirga tsinkayen gado, suna so in ba su labari su cika takardar makaranta. Ɗaya daga cikinsu, mai tabarau da ɗan gemu tsirit, ya juyo wayarsa ya nuna mini hoto, ya ce, "Baba, ai yanzu aikin nan na minti biyar ne. Ka ɗauki hoto, ka tura wa kwamfuta, ta ba ka lissafi." Na ce madalla, Allah ya ƙara wa kwamfuta lafiya. Sannan na tambaye shi wa zai zaɓa mata hoton da za a tura. Ya ce, "Duk wanda ya fi fitowa tas mana." Sai na sa aka shimfiɗa musu tabarma aka kawo ruwa, don na ga zaman zai yi tsawo.

Bari in fara da abin da ake ƙirgawa, tunda su ma a littafi kawai suka san shi. Kowane tsiro an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, mu a wurin aiki ɗaki muke ce wa kowace ɗaya. A cikin kowane ɗaki akwai wasu 'yan tsinkaye, su 'yan boko ke kira kuromosom, su ke ɗauke da gadon iri: launin ƙwaya, yawan ganye, juriyar fari. Yawancin halittu jeri biyu gare su, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Gyada kuwa jeri huɗu ta kwasa, tsinke arba'in cif. Idan fure zai yi garinsa, sai tsinkayen nan sun kama juna bibbiyu kamar shanun huɗa a karkiya, sannan a raba su daidai. Gyadar kirki haka take yi, karkiya ashirin ba gardama. Amma idan aka yi mata barbara da baƙon iri, sai ka tarar huɗu sun cusa wuya a karkiya ɗaya, ko uku sun sarƙe an bar ɗaya yana gararamba. Daga nan rabo ya lalace, garin fure ya mutu, manomi ya tono ɓawo ba ƙwaya. Aikina shi ne in leƙa ɗakuna masu yawa, in rubuta a kowanne bibbiyu nawa ne, hurhuɗu nawa, 'yan ɗaiɗai nawa. Maigidanmu, Dakta Sabo, sai ya zuba wannan a lissafinsa, lissafin ya ƙiyasta masa ko irin zai haihu ko ba zai haihu ba.

Tashar gwajinmu tana can gefen gari ta wajen hanyar Sundimina, fili ne mai tsakuwa da ɗaki ɗaya mai taga biyu. Madubin ƙara girman abu da nake aiki da shi baƙin ƙarfe ne, ya girme ni, yana da wani ɗan zagayayyen gilashi a ƙasa da ake tare hasken rana da shi, domin wutar lantarki a wurinmu gaisuwa take zuwa ta koma. Da hantsi nake fita da ɗan hantsaki in tsinko tohon furen gyada, wanda bai kai ƙwayar dawa ba. In ka yi sammako tsinkayen ba su taru ba, in ka tsaya shan koko sun watse, sai kuma gobe. Ina tsinkowa ina jefawa a kwalba mai sifirit da ruwan tsami, don su sandare a yadda na same su. Wannan sifirit ya ja mini magana. Wata uku da fara aikina limamin unguwarmu ya ja ni gefe bayan La'asar, ya ce, "Hamisu, an ce ana jin wani ƙamshi a rigarka, kuma ba na turare ba ne." Washegari na kai masa kwalbar da furanni a ciki. Ya shinshina, ya yi tari, ya ce shi ya gamsu, amma in riƙa barin rigar aiki a wurin aiki. Sai kuma jan farce, wanda muke liƙe bakin gilashin da muke ɗora fure a kai da shi kada ya bushe. Shekara da shekaru ina sayensa a kasuwa, mai koli na tambayata yaushe za a nuna musu amaryar.

Wanda ya koya mini aikin Baba Audu ne, tsoho mai ido ɗaya a ƙanƙance saboda leƙen madubi. Ranar farko ya ɗora ƙwayar fure a gilashi, ya ɗiga jan ruwa, ya fasa ta da allura, ya rufe da wani gilashin mai kaurin ɓawon albasa, ya gifta a kan fitila, sannan ya dafa babban yatsansa ya danna. Ya ce in yi. Na danna, gilashi ya ce ƙas. Na sake, ya ce ƙas. Kwali guda na kashe a mako biyu, shi kuwa yana zaune yana cin goro yana cewa, "Ba sakwara kake kirɓawa ba, ɗan nan." In ka danna da sanyi tsinkayen suna dunƙule, in ka danna da ƙarfi sun tarwatse sun shiga ɗakin maƙwabta, in yatsanka ya goce kaɗan duk aikin safiyar ya tafi. Sai da na shekara kafin ya duba gilashina bai yi tsaki ba.

Baba Audu yana da doka ɗaya da ya fi riƙewa. Yakan ce, "Dakta babban mutum ne, ba a kai wa babba ƙazanta. Ɗakin da ya fito tas, tsinkaye a baje kowa da abokinsa, shi za ka ƙirga ka zana. Wanda ya cukurkuɗe ka tsallake shi, laifin yatsanka ne, kada ka tona wa kanka asiri." Ban ga abin musu a ciki ba. A gidanmu ma idan baƙo ya zo, sai an tsince shinkafar tas kafin a ɗora masa tukunya, kuma ba a nuna masa ɗakin da ba a share ba. Da gyadar gargajiya dokar ba ta cutar da kowa, domin a can ɗakin da ya cukurkuɗe da gaske yatsa ne ya cukurkuɗa shi. Haka na yi shekaru ina kai wa Dakta zane masu kyau, yana jinjina kai yana cewa hannuna kamar na Bature, ni kuma ina komawa gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Abokan hulɗa kuwa mun gan su iri-iri. Mutanen gari sun ji akwai madubin da ke ganin abin da ido ba ya gani, sai suka mayar da mu wurin duba. Wani Bafulatani ya kawo mini gashin saniyarsa in gano masa ko tana da ciki. Wani Alhaji ya zo da zobe a ƙulle a hankici, in duba masa ko zinariya ce. Amma duk waɗannan masu sauƙi ne a kan masu neman digiri. Akwai wanda ya zo daga birni da jaka mai ƙafa, ya ce kwana biyu kawai zai yi, yana so in ƙirga masa tsinkayen dankali. Dankali tsinke casa'in gare shi, kowanne kamar ɗigon biro. Na ce ina furen da ya kawo? Ya ce ai bai shuka ba tukuna, amma ya riga ya rubuta babi na huɗu, lambobin ne kawai suka rage, kuma ga yadda yake so su fito. Na ce ya je ya shuka. Bai dawo ba, amma daga baya na ji ana kiransa Dakta a rediyo yana ba manoma shawara.

Shekarar da nake so in ba da labari, Baba Audu ya riga ya yi ritaya, ni ke riƙe da madubin. Dakta ya daɗe yana fama da wani sabon iri: ya haɗa gyadarmu da wata ta jeji da aka kawo daga ƙasar waje, don ta jure cutar nan da ke nannaɗe ganye ta tsugunar da gyada. Ganyenta abin kallo ne, kore shar, cuta ba ta ko kallonta. Ni na ƙirga mata ɗakuna, na tsallake munana kamar yadda aka koya mini, kuma sun yi yawa har na fara zargin yatsana ya tsufa. Kyawawan da na tara duk bibbiyu ne. Lissafin Dakta ya fito ya ce iri lafiya lau. A filin tasha kuwa 'ya'yan da take yi ba su taka kara sun karya ba, damina biyu muka yi kafin mu tara abin da zai shuka gona ɗaya. Aka zauna aka yi shawara, aka ce tunda lissafi ya wanke iri, to ƙasar tasha ce mai laifi. Abin da ya rage a sami manomin kirki mai ƙasa mai kyau a gwada.

Ni na kawo sunan Kawu Jibo, yayan mahaifiyata, da ke wani ƙauye a ƙasar Gwaram. Gonar gyadarsa ɗaya ce, jigawa mai laushi, kuma yana da wata jar gyada 'yar ƙarama mai mai, wadda ya gada daga mahaifinsa. A ƙauyen shi kaɗai ya rage da ita, sauran duk sun koma riɗi ko sun karɓi irin kasuwa. Kowace shekara yakan ware irinsa a tukunyar ƙasa, ya zuba toka, ya liƙe baki da laka. Sharaɗin gwajin shi ne kada a bar wata gyada a gidan ko a gonar, don kada iri ya gauraya. Kawu ya saurare ni har na gama, ya ce, "To ba a bar mini ko tiya ɗaya ba? In sa a bayan rumbu, ba wanda zai sani."

Na ce, "Kawu, idan masu duba aiki suka gani za su soke komai, ni kuma a ce na kawo ɗan'uwana ya ɓata gwaji. Me za ka yi da ita? Wannan sabuwar da idona na ga cikinta."

Ya ce, "Da idonka?"

Na ce, "Da idona, Kawu."

Ya kira matarsa, Inna Rabi, ya ce ta fasa tukunyar. Kwana biyu gidan na ƙamshin suya. Da zan tafi ta ba ni ƙuli-ƙuli cike da leda da kwalbar mai, na kai tasha muka ci da garin kwaki muna yaba daɗinta.

Ruwa ya sauka, aka shuka, gyada ta fito ta rufe ƙasa. Ana tsakiyar damina aka turo mana wata malamar lissafi daga jami'a, Malama Hadiza, don ta duba alƙaluman Dakta kafin a buga su. Mace ce mai shiru, ba ta cika ɗaga murya ba. Ta kwana biyu da littafina, rana ta uku ta ce, "Malam Hamisu, a kowane gilashi ɗaki biyar ko shida kake rubutawa. Iyakar abin da ke ciki ke nan?"

Na yi dariya na ce, "Haba Malama, ai suna da yawa. Masu kyan ne na tsamo."

"Sauran fa?"

"Sun cukurkuɗe. Ba su dace a kai gaban Dakta ba."

Ta ajiye biro ta ce in ɗauko tsofaffin gilasan. Allah ya sa jan farce ya riƙe su. Ta ce kada in zaɓa, in fara daga kusurwa in bi layi, duk ɗakin da ya faɗo gaban idona in tsaya a kansa, mai kyau ko mummuna. Na tsaya a kan na farko mummuna, na juya madubi a hankali sama da ƙasa, abin da ban taɓa ɓata lokaci na yi wa irinsa ba. Sai ga tsinke huɗu sun yi zobe, ga wasu uku a sarƙe, ga ɗaya can gefe shi kaɗai. Ba yatsana ba ne. Haka ɗakin yake tun a jikin fure. Na biyu haka, na uku haka. Malama ta ce, "Malam, idan ka tsaya a ƙofar masallaci ka ƙirga mutane, za ka rantse duk garin ba mai fashin salla. Lissafin bai yi ƙarya ba, abin da ka ba shi ya tauna."

Mako guda muka yi muna sake ƙirga, muka kai wa Dakta. Ya karanta a tsaye, ya cire tabarau ya goge, ya ce aiki ya yi kyau ƙwarai, za a yi amfani da shi a mataki na gaba. Amma rahoto ya riga ya tafi wurin masu ba da tallafi, an kuma sa ranar baje kolin gona, an aika wa manya takardar gayyata, har an yi maganar rumfa. Ya ce, "Hamisu, lissafi ƙiyasi ne kawai. Ƙila gona ta ba mu mamaki." Lokacin da lissafin ke goyon bayansa ban taɓa jin ya kira shi ƙiyasi kawai ba. Malama ta rubuta nata bayanin ta miƙa, aka gode mata, aka sa a fayil, ta koma jami'a.

A lokacin akwai sauran dama. Manoma na cikin shuka wake, ruwa bai ɗauke ba. Da na hau babur na je na ce wa Kawu ya ture rabin gyadar ya zuba wake, da ya tsira da wani abu. Sau biyu ina zuwa ƙauyen da niyyar faɗa. Na farko na tarar da shi a bakin gona da mutane, yana nuna ni yana cewa ga wanda ya kawo abin arzikin, sai na ɓige da karɓar godiya na juyo. Na biyu Inna Rabi ta yanka mini zakara. Na ci, na yi godiya, na hau babur na dawo da maganata a ciki. Kunya ce ta hana ni, da tsoron a ce na yi wa maigidana zagon ƙasa, kuma har yau in na tuna sai na ji haushin kaina.

Ranar baje koli an kafa rumfa biyu a bakin gonar, aka jera kujerun roba, aka kawo lasifika da lemo a cikin ƙanƙara. Manya suka zo da motoci, aka yi jawabi bakwai, kowane mai jawabi ya ce zai taƙaita. Aka shiga gona aka tsaya cikin ganye har gwiwa ana ɗaukar hoto, wani babba ya tsinki ganye ɗaya ya ɗaga sama ya ce daga yau talauci ya bar Gwaram. Aka sa wa Kawu sabuwar hula aka ba shi takardar yabo mai firam. Mutum fiye da ɗari a gonar gyada, masu digiri sun fi ashirin, ba a sami wanda ya sunkuya ya tuge tushe ɗaya ya duba ƙasansa ba. Wani dattijo daga cikin manoma ya miƙa hannu zai tuge, mai tsaron taro ya daka masa tsawa ya ce kayan gwaji ne. Ni ina can bayan rumfa ina raba lemo.

Kaka ta yi, Kawu ya tara gayya aka shiga cira. Ban je ba. Abin da aka gaya mini shi ne tun a kunyar farko mutane suka daina waƙa. Tushe ya fito da ɓawo jingim, ka matsa ya ce fus, in ka ci sa'a ka sami ƙwaya ɗaya a yamutse. Gonar da ke cika ɗaki da buhuna, abin da aka sussuka bai kai a kira shi amfani ba. Harawa kam an samu, Fulanin gefen ƙauyen sun ce ba su taɓa ganin mai kyanta ba. Rahoton ƙarshe ya ce ruwa ne ya yi wa gwajin gardama, ya kuma ba da shawarar a ƙara tallafi don a zurfafa bincike. Aka ƙara. Ni kuwa na shiga kasuwanni da 'yar leda ina neman jar gyadar Kawu, daga Gwaram har ƙauyukan Wurno da Yalwan Damai, ina bin tsofaffi gida-gida. Kowa sai ya ce ya san ta, mahaifinsa ma ya noma ta, amma rabonsa da ita an daɗe, in je wurin Jibo, shi ne mai ita.

Bayan sati uku da cira, wata safiya ina goge gilasai sai na ji sallama. Kawu ne, ya sha doguwar tafiya a motar kasuwa, rigarsa duk ƙura. Bai taɓa zuwa tashar ba. Muka gaisa, na ba shi kujera, ya ƙi zama. Ya ce, "An ce ruwa ne. Ni a gonar nake kwana nake tashi, na san ruwan da aka yi. Nuna mini abin da ka gani da idonka."

Na ɗauko gilashi, na tare rana, na daidaita masa. Da farko na kai hannu kan ɗaki mai kyau, don hannun ya saba, sai na fasa na tsayar a kan mummuna. Ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya daɗe. Na yi masa bayani da shanu da karkiya, ya gane tun ban kai ƙarshe ba. Ya ce, "Huɗu a karkiya ɗaya ai ba sa huɗa." Na ce haka ne. Na gaya masa yadda aka koya mini tsallake irinsu, da yadda Malama ta gano. Ya gyaɗa kai, ya ce wannan kuskure ne, kowa na yi, shi ma ya taɓa shuka a ranar da bai kamata ba. Har na fara jin sanyi a raina. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Yaushe ka gane?"

Na ce, "Da damina, Kawu."

"Damina tana da tsawo. Kafin a gama shuka wake ko bayan an gama?"

Na ce, "Kafin."

"Ranar da Rabi ta yanka maka zakara, ka sani?"

Na ce na sani.

Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya gyara hularsa, ya ɗauki sandarsa da ya jingine a bakin ƙofa. Na biyo shi ina cewa ya tsaya ya sha ruwa, in kai shi tashar mota a babur. Ya ce a'a, ƙafarsa lafiya lau. Wannan mutum shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni, a wuyansa na fara zuwa kasuwa, tun ina rarrafe Ɗan Auta yake kirana ko a gaban surukaina. Da ya kai bakin shinge ya juyo ya ce, "To, sai an jima, Malam Hamisu."

Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya. Bai sake shuka gyada ba, bai taɓa tayar da maganar ba, duk Salla ina zuwa gaishe shi yana karɓata da mutunci, a shimfiɗa mini tabarmar baƙi. Har ya koma ga Allah Malam yake ce mini.